Filin Tambaya da Amsa: Kunu da Zoɓon da Suka Bar Turbar da Aka Saba

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga cikin garin Sakkwato da kewaye suka zo, kuma kukansu kusan ɗaya ne: an sauya wa abin sha hatsi, ko an ƙara masa abin da iyaye ba su saba sawa ba, sai ya ƙi. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili. Awon da za a gani da kilo da lita ne, domin mudu da tiya suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Wadda ba ta da abin awon ruwa ta tuna ledar ruwan sha guda rabin lita ce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na yi kunun zaƙi da acca da ɗan alkama maimakon gero, na kai wa uwar mijina, ta ce daɗi kam akwai, amma kada in ƙara kiransa kunun zaƙi. Yaya abin yake? Sannan ina son daina sa sukari saboda maigida yana da ciwon sukari. An ce ɗanyen dankali na kawo zaƙi, na gwada sau biyu bai yi ba.
Wata uwargida, Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam, uwargida. Ki duba yadda Bahaushe ya raɗa wa kununsa suna. Kunun gyaɗa, kunun tsamiya, kunun kanwa, kunun aya, kowanne da abin da aka sa masa ake kiransa. Kunun zaƙi kuwa da ɗanɗanonsa aka kira shi. Ba a ce kunun gero ba, don tun asali ana yin sa da gero, da dawa, da masara, wani wurin a haɗa biyu. Abin da ya mai da shi kunun zaƙi hanyar yinsa ce: a dama kashi, a bar kashi ɗanye, a haɗa, a bari ya tsinke ya yi zaƙi ya ɗan ɗauki tsami, a tace. In haka kika yi da accarki, kunun zaƙi ne. Hajiya tana da tata gaskiyar, domin harshen da ya saba da gardin gero zai ji acca ta cika laushi. Ki riƙa cewa kunun zaƙin acca, kowa ya huta. Alkamar dai kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar, in ta wuce danƙonta na toshe abin tata.

Batun dankali kuwa, zafi ne ya ɓata miki aiki. Hatsi cike yake da sitaci, shi kuma sitaci sukari ne da aka jera aka ƙulle kamar carbi mai tsawo, harshe ba ya jin zaƙinsa sai an tsittsinka shi. Mai tsinka shi wani sinadari ne da ake kira amiles. Yana cikin ɗanyen dankalin Hausa, yana cikin tsiron hatsi, har a yawun mutum akwai shi, shi ya sa kunun yaro ke tsinkewa idan cokali na kai-komo tsakanin baki da kwano. Sharuɗɗansa biyu ne. Ba ya iya wa ɗanyen sitaci sosai, sai wanda ya dahu. Kuma zafi mai yawa na kashe shi: ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 70, in aka doshi 80 ya mutu. Mafi yawan masu cewa dankali bai yi ba, sun juye ɗanyen ƙullun ne a kan damamme yana tururi daga sauke ruwa, ko kuma sun bari ya huce ƙalau, inda tsami ke riga zaƙi zuwa.

Ga awo. Surfaffen gero ko acca kilo 1, a jiƙa awa 8 da bazara, awa 12 da hunturu. Acca ba ta bukatar kaiwa haka, awa 4 ta ishe ta. A markaɗa da busasshiyar citta giram 20 da kanumfari ƙwaya 12. A raba ƙullun uku. Kashi biyu a dama da ruwa lita 4 da ke tafasa bal-bal, a sheƙa gaba ɗaya ana juyawa, har ya yi kauri launinsa ya sauya. In bai yi kauri ba, ruwan bai kai ba, a ɗora a wuta a ƙarasa. Kashi na ukun a haɗa shi da markaɗaɗɗen ɗanyen dankali giram 300 da garin tsiro giram 150 da ruwa lita 1. A yi ta juya damammen kamar minti 10 zuwa 15 har ya sauko wajen digiri 72. Damamme lita 5 a 72, ɗanye lita 1 da rabi a 30, haɗinsu zai tsaya wajen 62, wurin da ake so ke nan. Ma'aunin zafi na kicin ba shi da tsada, kuma ya fi yatsa gaskiya. A rufe, a lulluɓe da bargo ko a juye a kula, awa ɗaya da rabi. Cikin minti 20 za ki ga ya tsinke. Daga nan a buɗe ya sha iska a ƙarƙashin rariya, a bar shi awa 6 zuwa 8 da zafi, 10 zuwa 12 da sanyi, a tace.

Mun haɗa miki dankali da tsiro ne saboda amiles iri biyu ne. Na dankali ya fi kawo zaƙi, na tsiron dawa ya fi tsinka kauri. Dankali shi kaɗai sai ya ba ki kunu mai ɗan zaƙi mai nauyi a baki.

Amma ki ji wannan da kyau, don shi ya fi komai muhimmanci a wasiƙarki. Zaƙin dankali da na tsiro sukari ne na gaske, yana shiga jini da sauri kamar na kanti. Rashin zuba sukari bai mai da kunun abincin mai ciwon sukari ba. Maigida ya sha kaɗan, tare da abinci, ya kuma gaya wa likitansa.

TAMBAYA: Ina noma dawa da shinkafa. Iyalina suna so in yi musu tsiro, na gwada ya yi hunhuna, wanda ya tsira kuma ya sa kunu ɗaci.
Wani manomi, Bodinga

AMSA: Malam, fara da gwada irin. Ƙirga ƙwaya 100, sa a jiƙaƙƙen tsumma kwana uku. In abin da ya fito bai kai 90 ba, nemi wani hatsin, domin matattun ƙwayoyi ne ke fara ruɓewa su shafa wa saura. Hatsin bana ya fi. Surfaffe ba ya tsira, haka shinkafar da aka turara. Shanshera ake so, da ɓawonta. Irin shuka da aka cuɗe da magani, mai launin ja ko ruwan hoda, guba ne, ko an wanke ba a yin tsiron ci da shi.

A wanke, a kwashe duk abin da ya taso saman ruwa. A jiƙa awa 8, a tsane awa 2 ya sha iska, a sake jiƙawa awa 8 da sabon ruwa. Hatsi numfashi yake yi, in ya kwana ya wuni a ruwa ɗaya cikin zafin Sakkwato sai ya shaƙe ya yi wari. A baza a kan wankakken buhun algarara a inuwa, kaurin shimfiɗar kada ya wuce yatsu uku, a rufe da wani jiƙaƙƙen buhun. Yayyafi safe da yamma, kowane lokaci a juya da hannu. Tsiro na fitar da zafin kansa. In ka sa hannu a tsakiya ka ji ɗumi sosai, shimfiɗar ta yi kauri, kuma nan hunhuna ke farawa. Ya fi son digiri 25 zuwa 30, saboda haka hunturu ne lokacinsa a nan, watan Afrilu da Mayu kuwa wahala ce. Dawa da gero kwana 3 zuwa 4, shinkafa 4 zuwa 5. Wanda ya yi hunhuna baƙa ko koriya a zubar duka, kada a tsince, kada kuma a ba dabba.

A shanya a kan tabarma, a baza siriri. Kada a ɗora ɗanyen tsiro a kan kwanon rufi da tsakar rana, zafin kwano na kashe amiles tun yana jiƙe. Ya bushe sai ƙwayar ta ce ƙaras a haƙori.

Ɗacin kuwa daga saiwa da ɗan toho yake. Kai manomi ne, ka san abin da ƙaramar dawa ko gyauronta ke yi wa saniyar da ta afka masa. Sinadarin da ke cikin wannan, wanda ke sakin gubar sayanaid, yana nan a tohon tsiron dawa da saiwarsa. Dole bayan bushewa a murje da hannu ko a buga a buhu, a sheƙe, a bar ƙwaya zalla. Wannan ba gyaran ɗanɗano kawai ba ne, kariyar lafiya ce. Dawa mai duhun ja kuma tana da bauri, baurin nan na ɗaure amiles ya hana shi aiki. Farfara ko kaura sun fi dacewa.

TAMBAYA: Ina so in yi abin sha irin malt na kwalba a gida da tsiron dawa. Abokina ya ce ai hanyar burkutu ce, in kiyaye. Yaya gaskiyar take, kuma yaya ake yi?
Wani matashi, Runjin Sambo

AMSA: Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, ƙanenmu. Malt na kwalba ruwan tsiro ne da aka dafa, aka rufe, ba a bari yis ya taɓa shi ba. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai kamfanonin Najeriya suka koma kan dawa sosai. Masu burkutu ma da tsiron dawa suke farawa, rabuwar hanyar ita ce su suna zuba gindin tsohuwar giya su bar shi kwanaki yana tashi. Kai aikinka ka hana tashin.

Dawa tana da wata matsala da sha'ir ba shi da ita. Sitacinta ba ya dahuwa sai an haura digiri 70, wurin da amiles ke fara mutuwa. Dabarar ita ce a raba su. Tsiro kilo 1, murjajje. Ware giram 150 ka soya a kasko ba mai, wuta kaɗan, har ya yi launin ƙasa; shi zai ba da launi da gardi, in ya yi baƙi ƙauri zai ba ka. A ɓarza duka, ba niƙa luƙui ba. Zuba ruwa lita 3 mai ɗumin digiri 45 zuwa 50, juya, bar shi minti 30 ya kwanta. Tsiyaye ruwan saman ka ajiye, amiles yana cikinsa. Ƙara wa gindin ruwa lita 2, tafasa minti 15 kana juyawa kada ya kama. Sauke, bari ya sauko wajen 72, mai da ruwan da ka ajiye. Riƙe shi tsakanin 62 da 66 na awa ɗaya da rabi a lulluɓe.

Don sanin ya gama, ɗiga cokali guda a farin faranti, sa masa ɗigon aidin na ciwo. In ya koma shuɗi mai duhu akwai sauran sitaci, ƙara masa minti 30. Abin da ke farantin a zubar, kada ya koma tukunya. Tace da ƙyalle mai laushi ba tare da matsa mai ƙarfi ba, tafasa minti 40 a buɗe, kana kwashe kumfa. Narka sukari giram 100 a busasshiyar tukunya har ya yi ja, zuba a ciki, da ɗan gishiri a bakin yatsu.  In kana son bambanci, kirfa ko citta a minti 10 na ƙarshe suna zama da shi. Mazarƙwaila ma ta fi farin sukari dacewa da gardin.

Huce shi da sauri, tukunyar a cikin baho mai ruwan sanyi, sai firji. Kwana biyu ya ƙare. Kada ka toshe shi a kwalba ka ajiye a ɗaki kamar na kanti. Ruwan tsiro ba shi da tsamin da zai kare shi, kuma tafasar gida ba ta kashe kowane irin ƙwayar cuta. Wasu masu haɗari sun fi son wurin da ba iska.

TAMBAYA: Ina sai da zoɓo a gora. Don nawa ya fita daban ina sa ɓawon abarba, da dabino, da kokwamba. Idan wuta ta ɗauke ya kwana, sai gorunan su ƙame, in an buɗe ya ce fus, har wata ta ce min ya zama giya. Hankalina ya tashi.
Mai sana'ar zoɓo, kusa da Kasuwar Daji

AMSA: Tashin hankalinki na da dalili, 'yar uwa, kuma mun ji daɗi da kika tambaya. Iskar nan da ke ƙamar da gora aikin yis ce. Yis na cin sukari ya raba shi biyu, kusan rabi iska, kusan rabi barasa. Ba ya yin ɗaya ya bar ɗaya. Lissafin shi ne, kowane giram 17 na sukari a lita, in yis ya cinye, yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Zoɓon sayarwa yakan ɗauki giram 100 a lita. In da za a bar shi ya ƙare tashi, zai doshi kashi 6, ya wuce yawancin giyar kwalba. Kwana ɗaya ba ya kai shi nan, amma gorar da ta ƙame ta kama hanya. Alamomin: ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa, wari kamar ƙullun waina da ya tashi, zaƙi ya ragu, farin abu ya kwanta a gindi. Wanda ya kai haka kada ki sayar.

Magabata sun san wannan. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a shayar ko a zubar. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo hani a kan haɗa iri biyu wajen jiƙo, da hani a kan jiƙo cikin duma da tulun da aka shafe da kwalta. Malamai sun bayyana dalilin da saurin juyewa ba tare da mai shi ya lura ba. Hukuncin haɗin da kike yi ki kai wa malaminki. Abin da za mu ce ta fuskar sana'a shi ne kwana uku iyaka ce, ba alkawari ba. A zafin da ya haura digiri 40, ruwan zaƙi da aka sa wa ɗanyen ɓawo ba ya kai wannan.

Yis ɗin daga ina? Ɓawon abarba da fatar dabino ɗauke suke da shi. A Meziko ma da ɓawon abarba da sukari kawai suke yin wani abin sha mai tashi, ba sa ƙara yis. Sai tsofaffin goruna, musamman zaren murfi, da robar da ake haɗi, da ludayin itace.

Haɗinki bai da laifi, jerin aikin ne za a gyara: duk abin da zai shiga zoɓo ya bi ta wuta. Ga lita 4: wankakken ɓawon abarba ɗaya, dabino giram 100 da aka cire wa ƙwallo, citta da kanumfari, a tafasa minti 15. A zuba busasshen zoɓo giram 100 da aka ɗauraye, minti 10, a tace. A zuba sukari giram 300 tun da zafi, a mayar wuta ya sake tafasa minti 3. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba sukari da ƙarin ɗanyen ruwa bayan ya huce. Kokwamba da kankana ba sa jure dahuwa, ba sa jure ajiya. A yanka a kofi lokacin sha, kada su shiga gora.

Goruna a wanke da sabulu, a jiƙa su da murafensu minti 5 a ruwan da aka sa wa bilic marar ƙamshi, ƙaramin cokali ɗaya a lita, a ɗauraye da dafaffen ruwa, a kife. Sababbi sun fi. Gorar roba ba ta ɗaukar zafi, sai zoɓo ya huce a rufe. Kwalbar gilashi kuwa, a ɗumama ta, a cika da zoɓo mai zafin digiri 85, a rufe a kife minti 3. Wannan ya fi kowanne daɗewa.

Masu sai da kayan haɗi za su ba ki hodar benzowet, wadda ake sa wa abin sha don kada ya yi saurin lalacewa. Tana aiki a zoɓo saboda tsaminsa, amma kada ta wuce rubu'in giram a lita, wato giram 5 a jarka mai lita 20, kuma da sikeli, ba da ido ba. Ba ta tsayar da wanda ya riga ya fara tashi. Kada a haɗa ta da hodar bitamin C a bar gora a rana. In sana'ar ta kai ga liƙa takarda da kaiwa shaguna, sai rajistar NAFDAC. Ranar da ba wuta, ki yi daidai abin da zai ƙare, ki binne gorunan cikin ƙanƙara a kula. Sanyin randa na sha ne, bai isa ya tsayar da yis ba.

TAMBAYA: Na ji ana sa ɗan yis na burodi a lemon citta a toshe, ya yi gas. Zan iya?
Ɗaliba, Arkilla

AMSA: Kada ki yi, ɗiyarmu. Kafin ya yi gas irin na lemon kwalba, yis ya ci kamar giram 8 na sukari a lita, ya bar kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na barasa, kuma ba ya tsayawa don kin ƙoshi; muddin da sauran sukari yana ci. In kwalbar gilashi ce tana iya fashewa a fuskar mutum.

Yi haka. Gurza ɗanyar citta giram 250, haɗa da sukari giram 500 da ruwa rabin lita, wuta kaɗan minti 15. Sauke, matsa lemun tsami biyar, tace, bar shi awa guda farin sitacin citta ya kwanta, tsiyaye na sama. Yana yin mako biyu a firji. Lokacin sha, kashi ɗaya nasa, kashi biyar na ruwan soda na kwalba. Duka biyun su yi sanyi ƙarara, don ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska. Zuba sodar a hankali ta gefen kofi, juyi ɗaya.

TAMBAYA: Na haɗa kunun aya da madara da abarba da ayaba don walima. Kafin baƙi su zo ya yi guda-guda, ya yi ɗaci. Ko ba haɗi ma, nawa ba ya kai la'asar.
Amarya, Gawon Nama

AMSA: Allah ya ba da zaman lafiya, amarya. Ɗanyar abarba tana da sinadarin da ke yanka furotin, shi ya sa take cin harshe. Da ta haɗu da madara sai ta tsinka ta, gutsattsarin kuma ɗaci gare su. Gwanda ma haka take, ɗanyar citta kuma tana daskarar da madara. Tafasa ruwan abarba minti 5 na kashe sinadarin, amma tsaminta zai iya kawo gudaji duk da haka. Shawararmu ki zaɓi ɗaya, madara ko abarba. Ayaba baƙi take yi, a markaɗa ta lokacin sha.

Saurin lalacewar kuwa halin aya ne. Kusan rubu'in busasshiyar aya mai ne, ga sitaci ga sukari, ga shi ba tsami, kuma daga cikin ƙasa aka tono ta. A yankin Balensiya na ƙasar Sifaniya, inda kunun aya ya shahara, a sanyi kusa da daskarewa suke riƙe shi, ga su ba su da zafinmu. Aya kilo 1, a tsince, a rege tsakuwa, a jiƙa awa 12 ana sauya ruwa sau biyu. A murje ta da hannu a ruwa uku, a sheƙa mata tafasasshen ruwa na minti ɗaya, a tsane. Dabino giram 200 a dafa shi daban ya huce. Ruwa lita 4, dafaffe mai sanyi, wani ɓangarensa ƙanƙara ce da za ta shiga markaɗen, don inji na ɗumama ƙullu. Injin unguwa da ya gama markaɗa wake ko ƙullun koko ya riga ya zuba miki tsami. Ki je da sassafe, a wanke shi a gabanki, ko ki yi a gida. Daga tata sai firji, kada ya yi minti 30 a waje.

Kada ki ce za ki tafasa shi don ya daɗe. Da ya wuce digiri 65 sitacinsa zai dahu ya koma kamar koko. Benzowet ma ba ta aiki a cikinsa. In don gobe ne, ki daskarar da shi a goruna da ba a cika ba, ki girgiza in ya narke.

TAMBAYA: Ina sa kanwa a zoɓo don rage tsami sai ya yi baƙi. Kunun zaƙina kuma wani lokaci yauƙi yake yi kamar kuɓewa.
Wata dattijuwa, Kofar Rini

AMSA: Barka da ƙoƙari, Inna. Jan zoɓo da tsaminsa tare suke tafiya. Kanwa na kashe tsamin, launin sai ya koma shuɗi-shuɗi ya doshi baƙi. Tsamin nan kuma shi ke kare shi, zoɓon kanwa ya fi saurin lalacewa. In tsami ya yi miki yawa, ki rage zoɓon zuwa giram 70 a lita 4, ki jiƙa shi a ruwan zafi minti 20 bayan an sauke maimakon dafawa. Tukunyar baƙin ƙarfe ma na dusashe launi, ta silba marar tsatsa ko mai fenti ta fi.

Yauƙin kunu daga sukari ne da aka zuba da wuri. Akwai ƙwayoyin da ke cin farin sukari su saƙa shi ya zama yauƙi, sun fi samun dama da sanyin hunturu lokacin da tsami ke jinkirin zuwa. Sukari ya jira sai an tace, dab da sha. In yauƙin ya zo da wari, a zubar. Kuma tunda ya maimaita, ƙwayoyin sun zauna a kayan aiki: a tafasa ƙyallen tata minti 10 a shanya a rana, a ƙona robar da muciya da ruwan zafi, ƙwaryar da ta tsage kuma a daina kwana da kunu a cikinta.